Tabon Haƙori

A garin Zamosc, can ƙasar Turawa, an yi wani malamin makaranta mai suna Ludwik, mutum mai fara'a da ladabi. Aibinsa ɗaya ne. In ya ɗora ido a kan lambar yabon sojan doki, musamman wanda ya mutu a fagen fama, to barci ya ƙaurace masa ke nan sai ta shiga akwatinsa. Ya tara da yawa, amma ina, kullum ji yake kamar bai fara ba.

Maƙwabciyarsa Pola tsohuwa ce, idonta ya tafi, ba ɗa ba jika. Ita ta rene shi bayan rasuwar uwarsa, shi ya sa yake ce mata Gwaggo. Tana cikin uwarta aka kashe mahaifinta a yaƙi a kan dokinsa, lambar da aka aiko wa uwarta ita kaɗai ta sani a matsayin uba. Duk jajibirin Kirsimeti, in an ajiye faranti babu abinci domin wanda ba ya nan, kamar yadda al'adarsu take, a ciki take ɗora ta.

Ludwik ya daɗe yana haɗiyar yawu. Rannan ya ce, "Gwaggo, ƙyallen lambar nan ya ruɓe, kawo a canja miki."

"Kai da ko maɓallin rigarka ba ka iya ɗinkewa?" Ta yi dariya ta miƙa masa. "Ka riƙe min ubana da kyau."

Don rashin kunya, sai ya kai wa maƙeri aka zuba masa irinta sak. Ya ɓoye ta gaskiyar, ya kawo mata jabu. A ransa ya ce mai ido ma sai ya ruɗe, balle ita.

Jajibiri ya zo. Tauraron farko ya fito, alamar lokacin cin abincin bikin ya yi, Ludwik ya zauna a teburin Pola, ga kifi ga jar miya. Pola ta ɗauko lambar, ta shafa gefenta da babban yatsa. Ta sake shafawa.

"Ludwik, ina tabon?"

"Wane tabo, Gwaggo?"

"Na haƙorina. Da ita na yi ƙaiƙayin dasashi ina jaririya. Yau fa na yi niyyar ba ka ita. Na ce wa zan bar wa ubana in ba ɗana ba? Ashe makantata ka tsaya jira."

Kunya ta kama shi kamar ƙasa ta tsage ya shige. Ya ruga gida ya ɗauko ta gaskiyar, ya durƙusa yana cewa, "Gwaggo, ki yafe min, sharrin zuciya ne."

Ta laluba, ta ji tabon, ta ɗora lambar a farantin. Sannan ta jawo nasa farantin, ta juye abincin, ta ajiye farantin wayam kusa da na mahaifinta.

"Bana waɗanda ba sa nan biyu ne," in ji ta. "Malam, ja min ƙofa in ka fita."

Kafin ƙanƙara ta narke Pola ta rasu, aka binne ta da lambar a ƙirji kamar yadda ta yi wasiyya. Ludwik bai sake iya buɗe akwatinsa ba.

Darasi: kwaɗayi mabuɗin wahala ne. Sau da yawa abin da mutum ya sata, da ya yi haƙuri kyauta za a ba shi. Kuma wanda ya ci amanar mai ƙaunarsa, ko ya mayar da kayan, yardar ba ta dawowa.