Shingen Gonar Mangwaron Hakimi

Wani hakimi ya sa Tanimu mai walda ya kewaye masa gonar mangwaro da ragar ƙarfe, irin mai ƙananan ramukan da ko yatsa ba ya shiga. Saura falle ɗaya a gama, sai ga hakimi da dogarawansa.

Ya ce, "Ka ce ba mai iya haura shingen nan. Kawo shaida, ko in karɓe rumfarka ta kasuwa. In kuwa ka sa wani ya gwada, na san kun haɗa baki."

Tanimu ya sosa ƙeya, ya ce, "Ranka ya daɗe, fara shiga ka duba waldar. Daga ciki ake ganin kyanta."

Hakimi ya tattara babbar riga ya shiga. Nan take Tanimu ya ɗora fallen ƙarshe, ya liƙe shi da wuta.

"Kai! Ta ina zan fita?"

"Ta sama, ranka ya daɗe. Kai kaɗai ne ban haɗa baki da kai ba."

Hakimi ya yunƙura, takalmi ya zame, rawani ya warware.

"Na yarda! Buɗe!"

Tanimu ya rusuna. "Allah ya ja zamaninka, ɗan ɗaga murya. Dogarai ba su ji ba."