Bushiya Mai Facin Kujera

Ga wata nan tafe. Na kan kujera ya gyara zama, na ƙasa ya miƙe ƙafa.

A shekarar da manyan dabbobin dajin Kwazari suka daina zama a ƙasa, kowa ya sayi kujerar kushin. Ba a san wanda ya fara ba. An dai wayi gari Kura tana da mai zaman uku, Damisa tana da ta karammiski, Karkanda kuwa sai da aka rushe bangon zaurensa kafin tasa ta shiga.

Bushiya ba ta da kujera. Ba ta da abinci ma. Rani ya yi tsawo, fara ta ƙaura, gara ta nutse can ƙarƙashin ƙasa. Idan cikin Bushiya ya yi ƙugi, har tsuntsayen kan bishiya sukan tashi.

Wata rana tana yawo a bakin titi, sai ta tsinci wani nannaɗaɗɗen abu da ya faɗo daga mota. Salatif ne na faci, mai kauri, ruwan ƙasa kamar jemammiyar fata, gefe ɗaya gam ne an rufe shi da farar takarda. Ta lasa, ba daɗi. Ta ɓare takardar, ta manna shi a kan wani yagaggen buhu, ta danna. Ya kama nan take. Ta ja, bai saki ba.

Ta daɗe tana kallonsa. Sannan ta ce, "Kai ne za ka ciyar da ni."

Ta ɓoye shi a raminta, ta tafi gaishe da Kura.

"Salamu alaikum, Uwar ɗakina. Na ji an yi sabuwar kujera, na ce bari in zo in taya murna."

Kura ta ce, "Kalla da ido, kada ki taɓa. Surukaina na nan tafe."

"Ni wa? Ina ni ina taɓa kayan manya?"

Kura ta juya tana korar ƙuda daga kan wani ƙashi. Bushiya ta jingina da kujerar, ta ɗan miƙe ƙayoyin bayanta, ta yi gaba. Yadin ya ce kyat. Ta yi tari mai ƙarfi don ta rufe ƙarar.

"Mura ce, Uwar ɗakina. Bari in tafi kada in shafa miki."

Da gari ya waye, Bushiya ta yanko salatif da haƙori, ta kwantar da ƙayoyinta, ta lulluɓe bayanta layi kan layi har ya zama kamar ƙoƙon kunkuru. Ta ɗora hula, ta shaƙe murya, ta fito tana tafiya a hankali, abin da bai yi mata wuya ba don yunwa.

"Faci! A yi faci! Kujera, katifa, labule, laima! Ni ne Malam Barmo kunkuru daga birni! Ni na yi wa gajimare faci, ruwa ya daina zuba!"

Kura ta leƙo, idonta ja wur don ba ta yi barci ba tun da ta ga kujerarta a yage. Ta dubi sama, ta dubi busasshiyar ƙasa, ta ce, "Ashe kai ne. Shigo, Malam."

Bushiya ta duba yagewar da ta yi da bayanta, ta girgiza kai. "Wanda ya yi wannan ba ya tsoron Allah."

Ta mayar da soson ciki, ta datse zaren da ya fito, ta goge ƙura, ta haɗa bakin yadin biyu. Ta yanko faci, ta zagaye kusurwoyinsa don kada su ɗago, ta ɓare takarda, ta manna, ta danna. Aikin ke nan gaba ɗaya, ya kuwa ƙare kafin Kura ta gama hamma. Amma sai Bushiya ta hau kan facin ta zauna.

"Saura dannawa. Daga yanzu har la'asar ba zan tashi ba."

Kura ta ce, "Bari ni in zauna. Na fi ka nauyi."

"Nauyinki zai firgita gam ɗin, Hajiya. Gam na birni ne, bai saba da ke ba. Nauyina aka auna masa."

"To."

"Kuma idan cikin mai dannawa ya yi ƙugi, girgizar takan sa facin ya saki."

Nan take cikin Bushiya ya yi ƙugi.

Kura ta zabura. Ta kawo ƙwan zabo, ta kawo soyayyiyar fara da ta ɓoye tun kaka, ta kawo ragowar kilishi. Bushiya tana ci a kan kujera, mai kujera tana tsaye a gefe ta kasa kunne ko za ta sake jin ƙugi. Da la'asar Bushiya ta sauko da ƙyar. Facin yana nan daram.

Kura ta ce, "Malam, kai gwani ne."

"Na sani," in ji Bushiya.

Da yamma ta ɓare ƙoƙonta a hankali, ta jingine shi a rami, ta tafi gaishe da Damisa. Murar dai ba ta sake ta ba.

Da gari ya waye, sai ga Malam Barmo a ƙofar Damisa. "Faci! Ni na ɗinke bakin rijiya ba allura! Ni na liƙe rana da ta tsage a gabas!"

Damisa ba Kura ba ce. Ta zauna ta naɗe jela, tana kallon mai faci yana aiki.

"Malam, Kura ta ce Bushiya ta je gaishe ta, kujera ta yage. Jiya Bushiya ta zo gaishe ni, tawa ta yage."

Bushiya ba ta ɗago kai ba. "Bushiya kuke bari ta shigo muku? Ranki ya daɗe, a birni ko ƙofar gida ba a bari ta tsaya. Mai ɗan tsinin bakin nan? Ni ko gaisuwa ba na yi da ita."

"Kai ma bakinka da ɗan tsini."

"Ta wajen uwa ne."

Damisa ta sunsuna. Warin gam ya cika mata hanci, ta yi atishawa, ta ja da baya. Ranar Bushiya ta ci hantar kaza da ƙwai da zuma a kan karammiski, Damisa tana tsaye tana lasar baki. Da za ta tafi, Damisa ta ce, "In ka ga Bushiyar nan a hanya, ka ce ina nemanta."

"Zan faɗa mata da bakina, ranki ya daɗe."

A rami ta duba salatif, ta ga ya kusa ƙarewa. Mai hankali da nan zai tsaya. Amma an ce Karkanda yana da tulun zuma da buhun dabino, ga shi kuma ba ya gani sosai. Ta je ta gaishe shi, ta yi masa 'yar ƙaramar yagewa daidai abin da ya rage mata.

Da gari ya waye, ta koma a shigar Malam Barmo, ta tarar ba haka ta bar ta ba. Karkanda bai ga yagewar ba, ya zauna a kai, ta ɓarke daga wannan hannun kujera zuwa wancan. Soso ya fito kamar an yanka rago.

"Za ka iya, yaro?" in ji Karkanda.

"Baba, ni da na yi wa kogi faci ya daina yoyo?"

Ta fara mannawa. Kafin ta kai rabi, salatif ya ƙare. Ta dubi kwalin da aka nannaɗe shi a kai, ta dubi tulun zuma a gindin bango. Sai ta juya bayanta ga kujera, ta kai hannu, ta ɓaro layi ɗaya daga ƙoƙonta ta manna. Bai isa ba. Ta ɓaro na biyu. Ta ɓaro na uku.

Karkanda ya matso da ido. "Yaro, kamar kana ramewa."

"Aikin ne, Baba. Yunwa ce. Ka san dokar gam."

Ya sani, labari ya riga ya zaga daji. Ya turo tulun zuma da dabino. Bushiya ta hau kan facin ta zauna, layi biyu kawai suka rage a bayanta, suna riƙe da ƙayoyin da ƙyar. Ta ci, ta ci, cikinta ya kumbura, layukan suka fara ɗagowa. Ba ta daina ba.

Ana haka aka yi sallama. Kura ce da Damisa, sun zo ganin yadda gwani zai yi da babbar kujera.

"Sannu da aiki, Malam Barmo," in ji Damisa. "Ka ga Bushiyar?"

"Ban gan ta ba tukuna, ranki ya daɗe," in ji Bushiya, baki cike da dabino.

A daidai nan ƙurar soso ta shiga hancin Karkanda. Ya ja numfashi, ya yi atishawar da ta kaɗa rufin zauren.

To, ita bushiya, ko ta yi shekara tana karatun zama kunkuru, in ta firgita abu ɗaya jikinta ya sani. Kafin ta yi tunani ta dunƙule. Layukan biyu suka tsinke, hula ta yi sama, ƙayoyi suka miƙe ko'ina. Ta gangara a kan kujerar, yadin yana kyat, kyat, kyat a bayanta, facin da ta manna yana nannaɗe ta, har ta faɗo ƙasa kamar ƙunshin goro.

Kowa ya zuba wa ƙunshin ido.

Kura ta ce, "Wayyo, Bushiya ta haɗiye Malam."

Damisa ta taka ƙunshin da ƙafa ɗaya, ta kama bakin salatif da farce, ta fizge. Gam ɗin mai kyau ne. Ya fito da rabin ƙayoyin bayan Bushiya a jere.

Bushiya ta kurma ihu. Karkanda, da bai gane abin da ke faruwa ba sai dai ya ji kujerarsa ta ƙara ɓarkewa, ya kai duka da ƙaho. Ya sami Kura. Kura ta faɗa kan Damisa, ƙafar Damisa ta zame, Bushiya ta bi ta ƙarƙashin kujera, ta fice ta wajen da aka rushe bango, dabino ɗaya har yanzu a bakinta.

Ba ta tsaya ba sai a bakin wani tafki da ya kusa ƙafewa. Ta leƙa ruwan, ta ga rabin bayanta ja wur, sumul, yana raɗaɗi, wani guntun salatif yana reto a gefe. Ta tauna dabinonta a hankali.

Wani ƙadangare da ke shan hantsi a kan dutse ya gyaɗa kai. "Iya, me ya same ki haka?"

Bushiya ta dube shi daga sama har ƙasa, ta dubi kaushin bayansa.

"Aski na yi. Yanzu a birni haka ake yi, ba reza, ba almakashi." Ta ɓaro guntun salatif ɗin, ta karkaɗe shi. "Kai ma bayan nan naka yana neman gyara. Kuna da ƙwai a gida?"

Nan na sauke ta. Wanda bai ƙoshi ba ya tafi kicin.