Alkamar Da Sarfraz Ya Yanka Wa Shanu

Yayana Sarfraz manomin alkama ne a ƙauyenmu, kusa da Okara, kuma babban aibinsa shi ne son yabo. Gonarsa tana bakin hanya, don haka kullum tsaf take kamar ɗakin baƙi. Mutumin kirki ne, amma in aka ce ganye ɗaya ya canza launi a gonarsa, ranar ko shayi ba zai yi masa daɗi ba. Ni ce ƙanwarsa Tanzeela. Ina aiki a cibiyar binciken alkama, inda muke fama da tsatsa, cutar da ke lulluɓe ganye da hoda ruwan ɗorawa har zangarniya ta fito ba ƙwaya.

Wata shekara muka samu sabon iri da tsatsa ba ta iya masa. Buhu ɗaya tak aka ware wa yankinmu, a shuka ya yawaita, baɗi a raba wa manoma. Na yi ta roƙo har aka ba Sarfraz. Ya shuka shi a ɓangaren da ke kallon hanya, tsohon irinsa kuma a sauran gonar.

Cikin watan Fabrairu, raɓa ta yi yawa, sai ga wayarsa.

"Tanzeela, zo ki ga abin kunyar da kika kawo mini. Ganyen duk ya yi ɗigo-ɗigo kamar mai ƙyanda."

Ranar Juma'a na hau bas na je. Da na tsuguna na duba, sai daɗi ya kama ni. Ɗigon ƙanana ne, busassu, ba su fi kan allura ba. Na sha ganinsu a ɗakin gwaji, amma ban taɓa ganinsu a gona sukutum ba.

"Bhai jan, murza ganyen nan da yatsa," na ce masa, don haka muke kiran yaya a yarenmu. Ya murza. "Ka ga hoda?"

"Babu."

"To, wannan ba cuta ba ce. Nan ne cutar ta mutu."

Ya harare ni. "Yi mini bayani da yaren mutane, ba na 'yan boko ba."

"Ganye ƙananan ɗakuna ne jere, ido ba ya ganinsu. In tsatsa ta sauka, sai ta zura bakinta cikin ɗaki ɗaya tana tsotsa, ta kuma zuba wani sinadari don kada shukar ta farga. To wannan irin yana da masu gadi a kowane ɗaki, kuma sun san sinadarin. Da sun ci karo da shi sai su haɗu biyar-biyar su yi zobe, su huda bangon ɗakin. Nan take ɗakin ya mutu."

"Masu gadi su rusa gidan da aka ba su gadi? Ai wannan hauka ne!"

"Tsatsa ba ta cin matacce, sai mai rai. Ɗaki ɗaya ya tafi, ita kuma yunwa ta kashe ta a ciki, sauran ganyen ya tsira."

Ya ɗaga ganyen ya haska shi da rana, yana jujjuyawa. "Ikon Allah. To yaya suke bambance ta da ƙura?" Na buɗe baki zan ba shi amsa ke nan, sai ga maƙwabcinsa Chaudhry Inayat a kan babur. Ya rage gudu, ya leƙa gonar, ya kwashe da dariya.

"Sarfraz! Alkama ka shuka ko zabi kake kiwo? Bari in kira mutane su zo kallo."

Ina gani fuskar yayana ta canza, ya jefar da ganyen. Na roƙe shi ya ba ni sati uku kawai. Ya ce ya ji. Ranar Lahadi matarsa ta kira ni ta ce an sa lauje tun da safe, an yanke ɓangaren kaf, an zuba wa shanu. Raina ya ɓaci ƙwarai, har na kasa kiransa.

Ba a yi sati uku ba tsatsa ta bayyana a yankin. Ashe ta daɗe da sauka, tana ci a ɓoye cikin tsohon irinsa, wanda ganyensa yake fes saboda babu mai gadin da ya motsa. Da na koma, gonar ta zama ruwan ɗorawa. Duk wanda ya ratsa ta sai wandonsa ya rine har gwiwa.

Na same shi tsugune a bakin magudanar ruwa. Akwai 'yan karare da lauje ya tsallake, ba su fi cikin hannu ba. Kore shar suke, da ɗigonsu, sun fara fitar da kai. Yana murza ganyensu yana duba yatsarsa, yana sake murzawa.

"Akwai sauran irin nan a wurinku?" ya tambaya, bai ɗago ba.

"Babu, bhai jan. Wanda shanunka suka ci shi ne rabon ƙauyuka shida."

Ya tashi ya saro ƙaya, ya kewaye 'yan kararen nan, mutane suna wucewa a hanya suna kallonsa.

Darasin da ke cikin wannan labari shi ne, ba kowane tabo ne alamar lalacewa ba, wani alama ce ta cewa an yi faɗa an ci nasara. Kafin ka yanke hukunci a kan abin da bai yi wa idonka kyau ba, tsaya ka tambayi me ya kawo shi, ka kuma saurari amsar har ƙarshe. Wanda dariyar mai wucewa ta fi masa nauyi a kan abin da ya gani da idonsa, zai iya halaka abin da zai cece shi da hannunsa, ya kuma ja wa wasu.