Kaskon Mis Opal

Akwai wani mawaƙi a wani ƙaramin gari na jihar Tennessee a Amurka, sunansa Wendell Pruitt. Shi ke rera waƙa da jitarsa a ƙungiyarsu, ƙanwarsa Raylene na jan goge, abokansu biyu na kaɗa jita da ganga.

Da mahaifinsu ya rasu, maƙwabta suka yi ta shigowa da abinci kamar yadda aka saba, kowane kwano da sunan mai shi manne a gindi. Mis Opal ta tsallaken titi, tsohuwar da ta yi renon Wendell yana ƙarami, ta kawo burodin masara a kaskon ƙarfen da ta gada wajen uwarta.

Kowa a garin ya san ƙa'ida: kwano yana komawa wurin mai shi, kuma ba a mayar da shi wayam.

Wendell ya yi waƙar godiya a kan kaskon nan. Jama'a, waƙa ta yi daɗi! Gidajen rediyo suka kama ta, direbobin manyan motoci na ji suna share hawaye, har ta hau lamba ɗaya a jerin waƙoƙin karkara na ƙasa baki ɗaya.

Shi ke nan, kan mutumin naku ya kumbura. Ya dawo gari da sabuwar malafa da masu kyamara, wai a ɗauke shi yana rungumar tsohuwar. Suka same ta zaune a baranda.

"Mis Opal, duk Amurka ta san sunanki yanzu!" in ji Wendell.

"Haka aka ce mini. Ina kaskona?"

Ya yi dariya, ya aika aka sayo sabo dal, mafi tsada a kanti. Ko kwalin ba ta buɗe ba.

"Ɗan nan, ni ba kanti na aike ka ba. Ka gode mini a rediyo duniya ta ji, amma ka kasa tsallako titi."

Ta shige ciki ta ja ƙofa. Wendell ya tsaya sororo. Matar da ta goya shi ce fa ta rufe masa ƙofa, kuma abin ya yi masa ciwo ƙwarai.

Raylene ta harare shi. "To, babban tauraro, ka ma san inda yake? Yana cikin motarmu ta yawon waƙa. Karen mai ganga ke shan ruwa a ciki."

Kunya ta kama shi kamar ya nutse. Nan take ya sallami masu kyamara.

Ya ɗauko kaskon, duk ya yi tsatsa jajawur. Ya dirje shi da gishiri da soson ƙarfe har yatsunsa na kaɗa jita suka sale. Ya shafe shi da mai, ya gasa, ya sake shafawa, ya sake gasawa, har baƙinsa da sheƙinsa suka dawo. Sannan ya kwaɓa garin masara da hannunsa ya toya.

Ranar Lahadi bayan coci ya tsallaka titi shi kaɗai, malafa a hammata, kasko na turiri.

"Ki yafe mini, Mis Opal. Na yi laifi."

Ta juya kaskon ta duba gindinsa, ta gutsuri burodin ta tauna. Ta yatsine fuska.

"Sukari ka sa? A burodin masara? Wa ya koya maka wannan aika-aikar?"

Sai ta buɗe ƙofar gaba ɗaya.

"Je ka ɗauko jitarka. Duk lokacin da aka sa waƙar nan kashe rediyon nake yi. Yau ina so in ji ta har ƙarshe."

Wendell da ya yi waƙa gaban dubban mutane bai taɓa jin muryarsa ta yi rawa ba, sai a wannan baranda.

Darasi: Godiyar da ba ta isa ƙofar wanda ya yi maka alheri ba, ko duniya ta tafa mata, ba ta cika ba. Ka je da ƙafarka tun yana raye. Ku tura wa 'yan uwa da abokai, wataƙila akwai mai kaskon wani a ajiye.