Dayod ɗin Tirela a Motar Marasa Lafiya

An yi wani mutum, wani bawan Allah mai gyaran wayarin mota, a wani gari. Sunansa Jibo. Kullum akwai gwangwanin madara biyu a kan bencinsa, ɗaya an ɗaura masa jan zare. A ciki yake ajiye dayod, ɗan abin nan kamar ƙwayar wake da ke tare wuta idan ta yi yawa, kada ta ƙona ƙwaƙwalwar mota. Na manyan motoci a mai zare, na ƙanana a ɗayan. Bai taɓa cakuɗa su ba.

Rumfar gefensa ta Barau ce. Barau ya iya aiki, amma duk motar da ta tsaya gaban Jibo, ji yake kamar daga bakinsa aka fizge loma.

Sai ya ɗaga murya, "Direba, wajen mai tsince wake za ka? To, ka zo da tabarma!"

Jibo sai ya ce, "Barau, an tashi lafiya?"

Ku saurara. Wata rana aka kawo wa Barau motar ɗaukar marasa lafiya, ita kaɗai garin ke da ita, dayod ɗinta ya lalace. Ya ce yau zai kunyata Jibo. Ya sa mata dayod ɗin tirela, wai babba ya fi ƙarfi. Ya tada inji, ya zare kan batir don gwada caji, yadda suka saba. Ƙwaƙwalwa ta ƙone. Aka kawo wata, ta ƙone.

Shugaban gareji ya ce, "Saura ɗaya a garin nan. Ta ƙone, ka kwashe kayanka."

Sai ga Jibo da gwangwaninsa.

Barau ya ce, "Ka zo kallon ƙarshena ko?"

Jibo ya ce, "Riƙe mini bonet." Ya leƙa, ya sassauta murya. "Ɗan'uwa, na tirela ne. Kafin ya farga ya tare wuta, ƙaramar mota ta riga ta ƙone. Kuma ka daina zare batir inji na aiki."

Ya sa nasa dayod na ƙananan motoci, aka ɗaura ƙwaƙwalwar da ta rage. Mota ta tashi lafiya lau. Jama'a suka taru, "Barau gwani! Barau gwani!"

'Yan'uwa, hassada ce ta raɗa wa Barau cewa babba ya fi daidai. Kowa da awon da Allah ya yi masa. Wannan maƙwabcin da kake ƙyashi, da kike ƙyashi, wataƙila shi ne zai tare maka wutar da ba ka gani ba. Ku koma gida ku gaishe shi.

Barau kuwa, ana ta yabonsa, kunya ta kama shi. Ya waiga don ya faɗi gaskiya. Jibo ya riga ya ɗauki gwangwaninsa, ya bi ta bayan rumfa.