Kujerar da Inna Ta Kasa Sauka Daga Kanta

Akwai wani bawan Allah da 'yan gidansu ke kira Babban Yaya, mutumin kirki ne, amma ba ya son a yabi kowa a gabansa.

Autansu direba ne. Ya fara koyon aikin katako a bayan ɗakinsa, da zarto ɗaya da guduma da bidiyon da yake kallo a waya. Bayan ya ɓata katako mai yawa, ya haɗa wa mahaifiyarsu wata 'yar kujera, domin gwiwoyinta sun fara ba ta wahala. Ba fenti, ga kan ƙusa duk a waje.

Amma Inna ta ɗauki kujerar nan kamar zinariya. Duk baƙon da ya shigo sai ta ce, "Auta ne ya yi mini da hannunsa, Allah ya yi masa albarka."

Wannan albarkar ce ta tsaya wa Yaya a wuya. Shi da ya sa mata fanka, ya gyara mata rufi, bai taɓa jin an sanar da baƙi ba. Kishi ya hana shi sukuni.

Ya je ya auna kujerar Auta a ɓoye, ya sayo katako mai tsada, ya ce tasa sai ta ninka ta a tsawo da faɗi. Matarsa ta ga yana fama da zarto, ta ce, "Ka tambayi Auta mana, ya riga ka farawa."

Ya ce, "Ni? Yaron da na goya? Abin da babba ya hango, yaro ko ya hau rimi ba zai gani ba."

Ya sha dukan guduma a yatsa har farce ya yi baƙi, amma kujera ta fito, tana ta ƙyallin fenti. Ranar da 'yan uwa suka taru gaida Inna, ya faki ido ya jefa ta Auta bayan tankin ruwa, ya girke tasa a baranda.

Aka kama Inna ta hau. Ta zauna, ƙafafunta na lilo, ba su kai ƙasa ba. Ta daure ta sa albarka, domin uwa ce. Can gwiwa ta fara zogi, ta yunƙura za ta sauka, abu ya gagara.

Ta ce, "Ina 'yar kujerata? Ku miƙo mini in taka."

Aka duba ɗaki, aka duba kicin, babu. Inna tana ta cije leɓe. Yaya ya yi tsuru-tsuru, sannan ya tashi sumui-sumui ya zagaya bayan tanki, ya dawo da ita duk laka. Ya goge ta da bakin rigarsa, ya durƙusa ya ɗora ƙafar Inna a kai.

Ya tambayi Auta murya ƙasa-ƙasa, "Kai yaya ka san tsawon da zai yi mata?"

Auta ya ce, "Daga diddigenta zuwa gwiwa na auna, Yaya. Kai me ka auna?"

Yaya ya sunkuyar da kai. "Kujerarka."

Inna ta dafa kafaɗarsa ta ce, "Tashi. Kai da ba ka taɓa riƙe guduma ba, ka fasa yatsa domina, na gani."

Da yamma Yaya ya riƙe doguwar kujerar tasa, Auta ya rage mata ƙafafu da zarto.

Darasi: Idan za ka yi alheri, ka dubi buƙatar wanda za ka yi wa, kada ka dubi wanda kake son ka fi. Aikin da kishi ya auna ba ya yi wa kowa daidai. Ku tura wa 'yan uwa, wataƙila wani ya ajiye gasa ya kama zumunci.