Yadda Sarkin Kara Ya Hana a Ba da Tanimu Gyara

An ce wai a wani gari da ake kira Gangaren Ɗinya an yi wata ƙungiyar ƙwallon ƙafa mai suna Zarata. Ba ta gwamnati ba ce, ba kuma ta wani attajiri ba. Ta mutanen gari ce, kowa yana ganin yana da baki a cikinta, tun daga mai shayi har mai unguwa. In ta ci, ko mai faɗa da maƙwabcinsa sai ya yafe. In aka ci ta kuwa, ranar miya ba ta daɗi a gidaje da yawa.

Wata shekara kakar wasa ta zo musu a karkace. A tsakiyarta suka sha kashi sau shida a jere, da ƙyar da jiɓin goshi suka tsira daga faɗawa rukunin ƙasa. Magoya baya suka ɗora laifin a kan gola, suka ɗora a kan alƙalan wasa, har ruwan sama bai tsira ba. Da aka tashi hutu sai suka kori koci, kamar yadda aka saba, suka zauna gardamar abin da ƙungiya ta rasa.

To, a cikin 'yan wasan akwai wani mai suna Tanimu. Shekara goma sha ɗaya yana buga lamba shida, wato tsakiyar fili, gaban 'yan baya. Ba ya yanka, ba ya rawa da ƙwallo. Aikinsa ya ƙwace ta, ya miƙa wa na kusa da shi, ya koma wurinsa. Sau biyu kacal ya taɓa jefa ƙwallo a raga, ɗayar ma masu tsokana suna cewa bugunsa aka yi da ita. Ko a waccan kakar da ya yi targaɗe ya kwanta wata ɗaya da rabi, waɗanda suka je duba shi ba su cika tabarma ba.

Al'adar garin ce kowane ɗan wasa yana da takensa. Akwai shugaban magoya baya, Ɗanliti mai kalangu, wanda da zarar ƙwallo ta zo ƙafar mutum sai ya saki takensa, fili ya amsa. Tanimu kaɗai ne ba shi da take. In an tambayi Ɗanliti sai ya ce, “Me zan kaɗa masa? Kafin in ɗaga makaɗi ya riga ya ba wani.”

Ana cikin hutun nan sai ga wasiƙa daga Tsawa, babbar ƙungiyar birni, zuwa ga shugaban Zarata, Alhaji Gambo Mai Taya. Musaya suke nema, ba kuɗi a tsakani. Za su ba da ɗan wasan gabansu, Harsashi, wanda ya ci ƙwallo goma sha tara a kakar da ta wuce, a ba su Zomo, matashin da ke buga wa Zarata gefen dama, mai gudun tsiya. Wasiƙar ta cika shafi guda da yabon Zomo. Can a ƙarshe, dab da sa hannu, aka rubuta: “Sai kuma, don ƙarin zumunci, a haɗa mana da Tanimu.”

Kafin la'asar gari ya rabu biyu. A majalisar bakin tasha Ɗanliti ya miƙe yana cewa, “Jama'a, ciwonmu gaba ne. Mu kai ƙwallo har bakin raga, a rasa mai cewa bismilla. Allah ya kawo mana Harsashi har gida, mu tsaya muna shafa kan Zomo?”

Malam Hashimu, tsohon malamin firamare wanda yake rubuta sakamakon kowane wasa a wani ɗan littafi, ya ce, “Ɗanliti, kalangu ya toshe maka kunne. Randa mai yoyo ba ƙarin ruwa take buƙata ba. Bayanmu ne a buɗe. 'Yan baya biyu za mu nema, Zomo kuwa yaro ne, gobensa tana gaba, ba za mu bayar ba.”

Kwana bakwai ana wannan, har aminai suka daina shan shayi a tebur ɗaya. Abin da ya fi ba ni haushi a labarin nan shi ne, duk tsawon gardamar ba ɓangaren da ya ambaci Tanimu, sai wani mai bakin tsiya da ya ce ai shi gyara ne, irin ɗan abin da ake ƙara wa mai saye bayan an gama awo. Sunan ya bi shi. In ya wuce a kasuwa sai a ce, “Gyara, yaushe tafiya?”

Abin ya yi wa Tanimu ciwo ƙwarai. Ya sami Alhaji Gambo a shagonsa, ya gaishe shi, ya ce, “Alhaji, a filin nan na fara buga ƙwallo ba takalmi, a nan nake so in rataye takalmin. In na tsufa, a kira ni a gaya mini, zan karɓa. Amma don Allah kada a ɗora ni a kan ciniki kamar tumatirin da ake ƙara wa mai cefane.”

Alhaji Gambo kuwa yana tsaka mai wuya. Ɗanliti ya rantse in aka ƙi musayar ba zai sake kaɗa wa Zarata ba, su Malam Hashimu kuma sun ce in aka yi ba za su sake taka fili ba. Daga ƙarshe ɓangarorin biyu suka yarda a kai maganar ga wanda bai taɓa kallon ƙwallo ba, don kada a ce yana da gwani. Aka zaɓi Sarkin Kara Mijinyawa, dattijon da ya shekara arba'in yana raba gardama tsakanin masu saye da masu sayarwa a kara, wato kasuwar shanu.

Aka taru a rumfarsa da hantsi. Ya ce, “Ni ban san ƙwallo ba, amma na san ciniki. A karanta mini takardar.” Malam Hashimu ya karanta. Sarkin Kara ya ce a sake. Da aka zo layin ƙarshe a karo na biyu sai ya ɗaga hannu ya ce, “Wane ne Tanimu?”

Aka yi dariya. Ɗanliti ya ce, “Ranka ya daɗe, wannan ba ya cikin magana. Gyara ne.”

Sarkin Kara ya ce, “Su mutanen birnin, sun taɓa karawa da ku?”

Malam Hashimu ya buɗe littafinsa ya ce, “Sau biyu bana, ranka ya daɗe. Duka canjaras, ba wanda ya ci.”

“Har shi Harsashin yana ciki?”

“Yana ciki.”

Dattijon ya shafa gemu. Sannan ya ce, “A kira mini wakilinsu ranar Alhamis. Sharaɗina ɗaya: in ina magana da shi, ko me kuka ji na faɗa, kada wanda ya yi tari.”

Ranar Alhamis wakilin Tsawa ya zo cikin mota mai sanyi, da fara'a da gaisuwa mai tsawo. Rumfa ta cika har waje. Tanimu ya tsaya can baya, ya jingina da turke. Bayan an sha ruwa Sarkin Kara ya ce, “Mun ga takardarku, mun gode da zumunci. Sai dai abu ɗaya ya ba mu kunya. Babbar ƙungiya irin taku, mu ba ta tsoho mai targaɗe? Ba za a ji wannan daga garinmu ba. Ku ɗauki Zomo, ku zaɓi matasa biyu a madadin Tanimu, duk waɗanda suka yi muku.”

Wakilin ya yi murmushi ya ce, “Haba, Baba, ai ba za mu kwashe muku yara ba. Tsohon ma ya ishe mu.”

Sarkin Kara ya ce, “Kai ɗan mutunci ne. To, mu ma ba za a fi mu ba. Ku ɗauki Zomo, ku haɗa da golanmu na ɗaya.”

Alhaji Gambo ya kama gefen kujera. Ɗanliti ya buɗe baki, Malam Hashimu ya taka masa ƙafa. Shi kuwa wakilin fara'arsa ta ragu. Ya ce a ba shi izini, ya fita bayan rumfa da waya a kunne, ya daɗe. Da ya dawo bai ko gyara zama ba ya ce, “Baba, mu taƙaita. Ku riƙe Zomonku, ku riƙe golanku. Ku ba mu Tanimu shi kaɗai, ku ɗauki Harsashi.”

Sarkin Kara ya ce, “Ɗana, ciniki ya fito fili, ba sauran ɓoyo. Gaya wa mutanen nan dalili, don su huta da gardama.”

Wakilin ya ga ba mafita, ya yi 'yar dariya ya ce, “Masu cin ƙwallo muna da uku. Mai ƙwato musu ita ne ba mu da shi. Sau biyu mutumin nan ya sa Harsashi a aljihu, minti casa'in casa'in, bai bar shi ya juya ba. Kocinmu ya ce ko me za a bayar a kawo shi, amma kada a nuna ana so.”

Malam Hashimu yana ta buɗe shafukan littafinsa. Ya ɗago ya ce, “Jama'a, kashi shidan nan da muka sha a jere, daga ranar da Tanimu ya yi targaɗe suka fara, ranar da ya dawo suka tsaya. Da hannuna na rubuta, ban gani ba.”

Sai Sarkin Kara ya gyara rawani ya ce, “Ku saurara. A kara, gwanin mai saye ba ya tsayawa a kan dabbar da ya zo nema. Zai je wurin babban bijimi, ya daki tozo, ya buɗe baki ya duba haƙora, ya yi ta yabo har mai shi ya kumbura. Amma wutsiyar idonsa tana kan wata saniya da aka ɗaure a gefe. Sai an kusa sallamawa ya ce, a haɗa mini da waccan ramammiyar. Wanda ya ba shi, ya sayar da uwar garke bai sani ba. Takardar nan shafi guda ta yi tana dukan tozon Zomo, ta ambaci Tanimu a layi ɗaya. Ruwa ba ya tsami banza. Shi ya sa na ƙara wa wakilinsu kaya, in ga wanne zai saki, wanne zai riƙe.”

Alhaji Gambo ya ce, “Ranka ya daɗe, da ya amsa tayin gola fa?”

Ya ce, “Kun ji na ce na sallama? Magana ce kawai, Alhaji. Ba a gama ciniki sai an tafa.”

Nan take waɗanda suke kiran Tanimu Gyara suka fara cewa ba inda za shi, wasu har suna neman ɗaga shi sama. Sarkin Kara ya buga sandarsa a ƙasa ya ce, “Ku dakata. Jiya kun ba da shi ba ku tambaye shi ba, yau za ku riƙe shi ba ku tambaye shi ba. Sa ake ja da igiya, wannan mutum ne. Tanimu, matso. Ga waɗanda suka san darajarka daga nesa, ga waɗanda suka raina ka a gida. Zaɓi naka ne, kuma ko wanne ka ɗauka ba mai ganin laifinka.”

Tanimu ya tako har gaban dattijon ya durƙusa. Sannan ya ce, “Ranka ya daɗe, na gode wa mutanen birni, sun share mini hawaye. Shekara goma sha ɗaya ina gaban 'yan garinmu, sai da baƙo ya taya ni suka gan ni, kuma wannan ya yi mini zafi, ba zan ɓoye ba. Amma ba don a gan ni na fara ba. Zan zauna. Gwiwata ba za ta wuce kaka biyu ba, don haka a ba ni yara biyu in koya musu wurin nan kafin in tafi. Abin da ƙungiya ta rasa ke nan.”

Sarkin Kara ya ce, “Hukunci ya fito daga bakin mai shi. Ba musaya.” Aka sallami wakilin Tsawa da girma da arziki, har da ƙwaryar fura.

Ɗanliti ya saɓa kalangunsa ya tafi. Kwana uku ba a gan shi a majalisa ba, maƙwabta dai suna jin kiɗa a soronsa, ana yi ana tsayawa, ana sake farawa.

Ranar wasan farko na sabuwar kaka, ba a yi minti biyar ba ɗan wasan baƙi ya taso da ƙwallo ta tsakiya. Tanimu ya tare shi, ya zare ta a hankali. Kafin ya miƙa, kalangu ya fasa da wani take da ba a taɓa ji ba, Ɗanliti yana kuka yana cewa, “Turke sha ja, kowa ya finciko ya dawo!” Fili gaba ɗaya ya amsa. Tanimu bai waiwaya ba. Ya miƙa wa Zomo ƙwallo, ya goge idonsa da gefen riga, ya koma wurinsa.

Shi ya sa har yau dattawan Gangaren Ɗinya suke cewa: kafin ka ba da abu gyara, dubi idon mai roƙonsa, wanda kuwa bai san abin da ke turkensa ba, mai saye zai sanar da shi, amma sai bayan ya kama igiya.